Yadda Mai Kan Tulu Ya Zauna a Gaya

Shekaranjiya da la'asar ina zaune a ƙofar gida ina ɗinkin komar kamun kifi, sai na ji matar maƙwabcina tana ce wa ɗanta, "In ka sake zuwa bakin kogi, Mai Kan Tulu zai ɗauke ka." Ita kanta ba a haife ta ba lokacin da abin ya faru. Ba ta san inda sunan ya samo asali ba, ba ta kuma san wanda sunan ya kora daga garin nan ba. Ni na sani, domin yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na ajiye komar. Ana ce mini mai haƙuri, kuma ba a yi ƙarya ba, amma akwai abin da shekaru suka kasa hucar mini da shi. Tun da Allah ya sa na koyi riƙon alƙalami da furfurata a ajin manya, bari in rubuta shi yadda ya faru.

Mu Sarkawa ne, sana'ar su muka gada. A ƙarshen zamanin Nasara aka fara ginin babbar gadar da ta haɗa mu da ƙetaren Dahome. Kafin ita, jirgin fito ne ke ɗaukar mutum da jaki da kamyo, wato babbar motar kaya. Masu aikin gadar suka nemi wanda zai riƙa sauka ƙarƙashin ruwa yana duba musu gindin ginshiƙai. Suka zagaya cikin masunta, kowa ya nuna yayana, don a duk bakin kogin nan ba wanda ya kai shi dogon numfashi. Bai karɓi aikin ba sai da ya je ya durƙusa gaban sarkin ruwa ya nemi izini, kamar yadda aka saba ga duk mai son shiga gurbi mai zurfi. Sarkin ruwa ya ba shi izini a gaban dattawa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Kayan aikin kuwa, riga ce mai kauri kamar fatar dorina, da takalma masu nauyin dalma, da wani kwalkwali na tagulla, kewayayye kamar tulu, mai ƴar taga ta gilashi a gaba. Daga bayan kwalkwalin tiyo ya fito har zuwa famfon iska da ke cikin jirgi. Ni ne mai juya famfon. Yayana ne ya ce in ba ni ba ne a kan famfo ba zai sauka ba. Lokacin na yi aure, da ɗiyata ɗaya. Kullum numfashin ɗan uwana yana tafin hannuna, in na tsaya ya tsaya.

Shi mutum ne mai sanyin tafiya da sanyin murya. Ban taɓa ganin ya yi gudu ba, ko kifi ya tsinke masa. In ya tsaya gaishe ka sai ya tambayi gida da yara da tsohuwa, har akuyar da ya ji an ce ta yi ciwo. Ana yi masa ba'a a kan doguwar gaisuwarsa, amma ba'ar so ce.

Sai silima ta zo. Wani mutumin kudancin Dahome ne ya ƙetaro da ita cikin kamyo, da izinin kumandan, Banasaren da ke mulkin garin. Ya kafa sanduna biyu a filin kasuwa, ya ɗaura farin zane, ya tada injin. Bayan magariba filin ya cika, har da mutanen Tunuga da na Karakara da suka kwana don kasuwa. Maganar cikin silima Faransanci ce, saboda haka al'adarmu a lokacin ita ce tafintan buro, wato ofishin kumandan, ya tsaya a gefen zane da mazurarin gwangwani a baki, yana juya mana da Hausa, jefi-jefi ya jefa da Dendanci don mutanen bakin ruwa. Kowa ya san yana ƙara gishiri, kuma don gishirin ake son sa. In Nasara biyu suka gaisa a zane, sai ya ce ɗayan yana tambayar ɗayan ina goron da ya yi masa alkawari.

Labarin na wani baƙo ne da ya sauko daga taurari cikin wani jirgi mai kamar ƙwarya biyu da aka kifa wa juna. Jirgin ya faɗa teku, ya zauna a ƙarƙashi. Baƙon yana fitowa daga ruwa da ƙafa, kansa a cikin wani kewayayyen ƙarfe mai baƙar taga. Sai ya shiga gari, ya sa mutane barci da wani haske, ya ɗauke su a kan hannuwansa biyu kamar jarirai, ya koma da su ruwa. A can sai su farka ba su san sunansu ba, su yi ta yi masa aiki, ba gajiya ba tambaya. Akwai wani saurayi mai gyararren gashi da ke yaƙarsa, yana gudu yana ihu yana harbi. Na rantse yau in ka zagaye Gaya ba za ka sami mutum ɗaya da ya tuna da saurayin nan ba.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa baƙon ya kama zukata haka. Mun san dodo a tatsuniya, mai haƙora da ƙara, wanda gizo ke yi wa wayo yara su yi dariya. Wannan ba haka yake ba. Bai taɓa ɗaga murya ba. Bai taɓa gudu ba, ko ana harbinsa, tafiya kawai yake yi kamar wanda ya san ba inda za ka je. Kuma ba mugunta yake ganin yana yi ba. Da aka tsare shi, tafinta ya juya mana maganarsa da wata murya mai laushi, ya ce, "Ba cutar ku nake yi ba. Tunani ne ke wahalar da ku, ni kuwa na zo in hutar da ku." A nan na ji wani tsoho kusa da ni ya ja tsaki ya ce, "Mun taɓa jin irin wannan." Tsofaffin da ke filin duk sun yi aikin dole, sun fasa dutsen hanya ba lada. Waɗanda suka zo ɗaukarsu ma da sallama suka zo, suka ce hanyar taku ce, don amfaninku ne. Ga kuma tagar nan baƙa, ba a ganin fuska. Kowa ya leƙa ya sa fuskar da ya fi tsoro. Tsoho ya ga gardin kumandan da ya ɗaure shi, mata suka ga abin da ake cewa yana zaune a gurbin ruwa. Da an nuna mana fuskarsa tun farko, da mutum ɗaya ne kawai.

Ana cikin haka, baƙon ya ɗauki wata yarinya ya nufi teku, ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙirji, ya rufe kan, sai zane ya yi fari fat. Mai silima ya shiga buɗe akwatuna yana rufewa. Silima a faifai-faifai take zuwa, in ɗaya ya ƙare a ɗora wani. Ashe faifan ƙarshe an manta da shi a garin da suka baro. Mutane suka ƙi tashi. Mu nan ba a barin labari ba wutsiya, ko tsohuwa ce ke yi wa jikoki tatsuniya sai ta kai ta inda ake rufewa. Aka fara hayaniya, samari suna bubbuga sandunan zane.

Abin da ya kamata tafinta ya faɗa bai fi kalma kaɗan ba: akwai saura, ba a zo da shi ba. Amma mutumin ya saba a tashi ana yaba bakinsa. Sai ya ɗaga mazurari ya ce, "Jama'a, ƙarshen ke nan. Ya shiga ruwa, ba a kama shi ba. Ruwan duniya kuwa duk a haɗe yake, kogin nan namu can yake zuba. Sai kowa ya yi hankali da bakin ruwa."

Aka yi dariya. Wani daga baya ya ce, "Ai ya riga ya iso, ga shi can yana aikin gada."

Tafinta ya ce, "Ku kuka faɗa, ba ni ba."

Aka sake fashewa da dariya. Yayana yana zaune kusa da ni, shi ma ya yi dariyar, har ya ɗaga hannu ya gaida jama'a. Daga ranar aka sa wa na cikin silima suna Mai Kan Tulu, aka kuma sa wa yayana.

Da farko wasa ne. Abokansa su ce, "Mai Kan Tulu, yau wa za a ɗauka?" Shi kuma ya ce, "Mai yawan magana zan fara da shi." Yara su kifa tukunya a ka su yi ta tafiya a hankali suna bin ƙannensu. Ban ga aibu a ciki ba.

Sai jirgin wani saurayi mutumin Tunuga ya kife. Ya ɗauko shinkafa ne, bai san ginshiƙan gada sun sauya wa ruwa tafiya ba, igiyar ruwa ta juya shi tsakanin biyu daga cikinsu. Masunta suka yi ta nutso da numfashinsu, ba su kai ba. Kashegari uban yaron ya zo har gida ya durƙusa wa yayana, ya ce ko gawar ce a taimaka masa ya binne. Yayana ya roƙi shugaban aiki aka ba shi kaya. Na hau famfo. Bai daɗe ba ya ja igiya, alamar ya sami gawar. Ya san inda zai duba ne domin ya san gindin ginshiƙan nan kamar ɗakin uwarsa, ya san inda ƙarafa suka fito suna riƙe duk abin da ruwa ya kawo.

Maimakon mu jawo shi cikin jirgi, sai ya bi gangaren ƙasa ya fito ta gaɓa da ƙafa, don kada a ja gawar ɗan mutane da igiya kamar kifi. Ladabi ne ya sa shi. Bakin kogi cike da jama'a. Kan tagulla ya fara ɓullowa, sai kafaɗu, sai hannuwa biyu ɗauke da yaron, ruwa yana zuba, takalman dalma suna sa shi taku ɗaya-ɗaya. Ba wanda ya yi salati. Sai na ji muryar wata mace ta ce a hankali, "Kamar dai a zanen nan."

Uban, mutumin Tunuga, ya karɓi gawar ɗansa, ya yi godiya da hawaye, ya tafi. Ba shi da laifi ko kaɗan. Mutanen Gaya ne, waɗanda suka san ranar da aka haifi yayana, waɗanda suka ci kifin hannunsa kyauta a shekarar yunwa, su ne suka fara tambaya. Yaya aka yi masunta duka suka rasa, shi ya sauka ya ɗauko? Ai wanda ya ajiye kaya shi ya san inda ya ajiye. Me Nasara ke ba shi a can ƙasa? Gada ai ba ta tsayuwa sai an ba ta mutum. Sai aka koma aka tono halinsa kaf aka mai da shi shaida. Ba ya gudu. Ba ya ɗaga murya. In ya gaishe ka ya tambayi yaranka, sai a ce lissafa su yake yi. Na ga mace ta janye ɗanta bayan zanenta don yayana ya ce mata ina kwana. Abin da aka so shi dominsa shekara da shekaru, shi aka ɗauka aka soke shi da shi.

Matarsa bandar kifi take yi, tana da ciki a lokacin. Kifinta ya fara kwana a faranti. A masallaci sai a bar gurbi a damarsa da hagunsa, in ban zo da wuri na tsaya kusa da shi ba, sahu ya tsinke a kansa. Liman ya yi wa'azi ranar Juma'a a kan zato, kowa ya ce amin, aka fito aka ci gaba. Sarkin ruwa kuwa, wanda ya ba shi izini a gaban dattawa, kalma ɗaya daga bakinsa da ta kashe maganar. Na je na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, kai ka sa masa albarka ya shiga." Ya dubi ƙasa ya ce, "Na ba shi izinin nutso, ban san da kan ƙarfe ba." Ya sani sarai. An kawo masa kwalkwalin har zaure, ya ƙwanƙwasa shi da zobensa yana dariya. Ya rasu tuni, ba na zagin mamaci, amma ban yafe wannan ba.

Yayana ya yi nasa ƙoƙarin. Ya kira mutane su zo gaɓa su ga yadda ake sa masa kayan, su taɓa da hannunsu. Ƴan kaɗan suka zo. Suka tsaya nesa suna kallo har aka ɗaura kwalkwali aka murɗa tagar. Sai ɗaya ya ce, "Kun lura? Da aka rufe, idon ba nasa ba ne."

A nan na gane magana ta wuce wasa. Ko a kashe Mai Kan Tulu a idon jama'a, ko yayana ya rasa wurin zama a garin ubansa.

Na sami tafinta a barandar buro yana cin goro. Yana ganina ya ce, "A'a, mai famfo. Yau ba a ba dodo iska ne?"

Na ce, "Malam, na zo ne ka gyara abin da ka ɓata."

"Me na ɓata? Ni na zana silima, ko ni na kifar da jirgi?"

"Ka ce ƙarshen ke nan, alhali ka san akwai saura."

Ya tofar da goro ya ce, "To me ka so in ce? Filin kasuwa cike, samari sun kama sanduna. Da sun yaga zanen, wa kumandan zai kira? Kai da yayanka kuna can kuna shaƙar iskar Nasara."

"Ka tsaya ranar kasuwa ka ce ƙari ka yi."

"In ce wa Gaya ni maƙaryaci ne? Gobe in tsaya gaban kumandan in juya maganar talaka, wa zai yarda? Ɗan Sarkawa, magana zarar bunu ce. Baki nawa ne, kunne nasu ne. Je ka ka yi shari'a da kunnuwa."

Ban zage shi ba. Na tsaya ina kallonsa har ya kau da kai, sannan na tafi.

Sai na sa kaina neman faifan ƙarshe. Na riƙa ƙetarawa duk ranar da ba aiki, ina tambayar direbobin kamyo inda mai silima yake. Wannan ya ce ya gan shi kudu, wancan ya ce injinsa ya lalace. Na bar saƙo a bakin kowa. Ana gab da damina na same shi a kasuwar ƙetare yana sayen doya. Hausarsa ta kasuwa ce, nawa Faransancin kuwa na wurin aiki ne, amma muka fahimci juna. Da ya ji labarin ya fara dariya, da ya dubi fuskata ya daina. Ya ce silimar ta yi nisa, tana hannun wasu, amma in ruwa ya ɗauke hanya ta bushe zai nemo ta ya kawo. Baƙo ne, ba abin da ya haɗa shi da mu, kuma ya cika alkawari. A duk labarin nan shi kaɗai ne ba na jin haushinsa.

Daminar nan ta yi mana tsawo. Yayana ya daina zuwa dandali. In mun tashi aiki sai ya zauna a tsakar gida yana gyaran ƙugiyoyin da ba su lalace ba. Kullum ina ce masa, "Yaya, ka yi haƙuri, faifai yana zuwa. Za su ga an kashe shi, a wuce wurin." Shi kuma ya ce, "Allah ya sa, ƙanena." Na yarda da abin da nake faɗa har zuciyata.

Bayan girbi kamyo ya ƙetaro. Aka kafa zane a wuri ɗaya, tafinta ya ɗauki mazurarinsa kamar ba abin da ya faru. Aka faro daga farko. Na zauna da yayana a gaba inda kowa zai gan mu. Baƙon ya sake shiga teku da yarinya, ruwa ya rufe kansa, wannan karon zane bai yi fari ba. Saurayin nan mai ihu ya bi shi har gidansa na ƙarƙashin ruwa, suka yi kokawa, ya sami wani ƙarfe ya maka masa. Kan tulun ya fita ya gangara. Sai ga fuska: wani Banasare mai sanƙo da ɗan gashin baki, yana haki, kamar mai kantin da ke sayar mana da atamfa. Ya ɗaga hannu yana roƙo. Rufin gidan ya faɗo masa, mutanen da ya kama suka tuna sunayensu, aka ƙare.

Na juya ina murmushi don in ga fuskokin jama'a. Sai wani dattijo mai sayar da gishiri ya ce, "Wannan ba shi ba ne."

Wani ya ce, "Ni ma na gani. Wancan ya fi tsawo."

"Wancan zai roƙi mutum? Wanda harsashi bai sa ya waiwaya ba?"

"Sauya shi suka yi. Nasara in suna son ku kwanta ai sun san abin da za su nuna muku."

Sai wata murya ta ce, "Wa ma ya je ya kawo wannan faifan?" Aka ce ƙanen ne, duk damina yana ƙetarawa. Aka ce to, ashe.

Na miƙe na ce, "Malam tafinta, kai ka ji Faransancin. Gaya musu shi ne ko ba shi ba ne." Ya sauke mazurari daga bakinsa, ya dubi jama'a, ya ga inda iska ta nufa, ya ce, "Ni abin da aka nuna nake juyawa. Abin da ke bayan zane, Allah ne masani."

Ba wauta ce ta sa mutanen nan suka ƙi yarda ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Mutane ne masu wayon ciniki, ba mai sayar musu da jaki gurgu. Amma wata da watanni suna kiwon Mai Kan Tulu a cikin kansu. Sun ba shi gida a gurbin kogi, sun ba shi dalili, sun rataya masa duk abin da Nasara suka yi musu wanda ba su da bakin faɗa, da duk yaron da ruwa ya taɓa ci. Ya girma ya fi zanen da ya fito daga ciki. Sai a zo a ce musu duk wannan wani mai sanƙo ne da ke haki? Ba su so. Na kan zane ba ya jin jifa, kumandan kuwa ba mai iya kallon idonsa. Yayana ne kaɗai ke kusa, kuma ba ya ramawa.

Ba a jima ba matarsa ta haihu, namiji. Ranar suna muka share ƙofar gida, muka aro tabarmi muka shimfiɗa har bakin hanya kamar yadda ake yi, aka raba goro gida-gida tun jajibiri, aka yanka rago. Liman ya zo, ya yi addu'a, ya raɗa suna, ya ce yana da uzuri. Dangi na jiki suka zauna a tabarma ɗaya. Sauran tabarmin kaji ne suka yi ta yawo a kai. Muna jin motsin mutane a bayan darninsu, ba wanda ya fito. Hantsi ya yi, tuwo ya huce a ƙore. Yayana yana zaune da sabuwar rigarsa yana kallon hanya. Can ya ce, "Ƙanena, naɗe tabarmin mutane ka mayar musu, kada rana ta ci su."

Da matarsa ta yi arba'in, ya mai da kayan Nasara, ya ɗaure nasa a jirgi. Da safe ne, ni da innarmu muka raka su gaɓa. Na ce, "Yaya, ka ƙara haƙuri. Gada ta kusa ƙarewa, in an daina ganin kwalkwalin za a manta."

Ya ce, "Ni zan iya. Amma yaron nan zai tashi a ce masa ɗan Mai Kan Tulu. Ba zan ba shi wannan gadon ba."

Na ce to bari in bi shi. Ya ce, "Wa zai riƙe Inna? Ka riƙe mini iska shekara da shekaru, yanzu riƙe mini ita." Ya tsaya ya gaida masu wanki da ke gaɓa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gidajensu. Biyu suka amsa. Ya tura jirgi ya bi ruwa ya gangara wajen Yawuri.

Can ya zauna, can ya rasu. Nakan je in gan shi, shi bai sake taka Gaya ba, ko da Inna ta rasu sai saƙo ya aiko. Gadar da ya san gindinta bai taɓa hawa kanta ba. Nasara suka tafi, tafinta ya sami babban matsayi a sabon mulki, ya tsufa ana gaishe shi da girma. Mutanen da suka ƙi zuwa suna sun mutu saura kaɗan, waɗanda suka rage in na tayar da maganar sai su ce, "Wane ne ma? Ai wasa ne ake yi a lokacin." Mai Kan Tulu kuwa yana nan da ransa. Yanzu har an ƙara masa abin da ba a nuna a zane ba, wai yana kiran mutum da sunan uwarsa, wai ana jin takunsa a ƙarƙashin gada in ruwa ya cika.

Shekaranjiyar da na ajiye koma, na tashi na je bakin darnin maƙwabcina na yi sallama. Na ce wa matar, "Ɗiyata, wanda kike tsorata yaro da shi, mutum ne. Yayana ne. Gawar ɗan wani ya fito da ita daga ruwa don uban ya sami abin binnewa."

Ta rusuna ta ce, "Allah sarki, Baba. Allah ya ji ƙansa, ban sani ba." Sannan ta ce, "To amma Baba, da me zan hana yaron nan zuwa kogi? Shi kaɗai yake tsoro."

Na dawo na zauna. Komar tana nan yadda na bar ta, har yau ban ƙarasa ɗinkin ba.